Magana Jari Ce a Ɗakin Karatu: Abin da Littafin ke Koyarwa da Yadda Ake Koyar da Shi

Tun daga shekarar 1937, da kashi na farko na Magana Jari Ce ya fito daga Zariya, da wuya a sami wanda ya yi karatun Hausa a makarantar boko bai haɗu da shi ba. Kakanni sun karanta shi, iyaye sun karanta, ga jikoki kuma ana miƙa musu. Littafin da ya daɗe haka a hannun yara ya cancanci a binciki abin da yake yi musu. Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce: shin littafin nan yana koya wa yaro ya auna magana, ya nemi hujja kafin ya yarda, ko kuwa saurare da hadda kaɗai yake koya masa? Za a nuna cewa tsarin littafin yana ɗauke da kayan horon tunani masu yawa, cewa yana da wuraren da ya raunana, kuma cewa hanyar da aka saba koyar da shi takan jefar da kayan nan ta rungumi raunin.

1. Asalin littafin

Malam Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, malamin makaranta ne kafin ya zama marubuci. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda aka kafa domin horon malamai, sa'an nan ya koyar a Midil ta Katsina. A gasar rubutun littattafai da Rupert East ya shirya a 1933, Ruwan Bagaja ya fito da sunansa, tare da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya domin ya rubuta littattafan karatu na makarantu, aka ajiye masa littattafan labaru na ƙasashe dabam dabam, na Larabci da na Turanci. Abin da ya fito daga aikin nan shi ne Magana Jari Ce, kashi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai koyarwa ta fuska biyu. Na ɗaya, domin ɗakin karatu aka yi littafin tun asali, kuma wanda ya yi shi ya san halin yara a aji, ya san abin da ke sa su gyangyaɗi da abin da ke farkar da su. Na biyu, yawancin labarun aro ne, aka sa musu rigar Hausa. Masu bincike sun bi sawunsu har zuwa Alfu Laila wa Laila, da tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, suka fara bugawa a 1812, da waɗansu littattafan Indiya da Farisa. Aron nan ba abin kunya ba ne, kuma nan gaba za a ga yana daga cikin kayan aiki mafiya amfani ga malami.

2. Abin da tsarin littafin ke nunawa

A kashi na farko Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, ga kuma Waziri maci amana yana neman hanyar da zai hallaka yaron. Kullum dare Musa ya ɗaura niyyar fita ya bi rundunar, aku kuwa ya tsare shi da labari har gari ya waye. Abin lura a nan shi ne kowane labari yana da aikin da aka sa shi. Aku yana da nufi, Musa kuwa bai san nufin ba, amma mai karatu ya sani. Yaron da ke karatu yana zaune ne a wurin da zai ga mai magana da wanda ake yi wa magana, ya kuma ga abin da ke ɓoye a tsakaninsu. Matakin farko na auna magana ke nan: a tambayi wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, kuma me yake nema.

A kashi na biyu an shirya gasa tsakanin aku, wanda yanzu ya zama Waziri, da wani aku mai suna Haziƙ. Wannan ya kawo nasa labari, wancan ya kawo nasa, sa'an nan a duba wanda ya fi. Da wannan tsari marubucin ya nuna cewa labari abu ne da ake ɗorawa a ma'auni, a ce wannan ya fi wancan. Inda aka yanke hukunci kuwa, akwai damar a tambayi dalili, akwai kuma damar a ƙi yarda da alƙali.

A kashi na uku aku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar ba da labari. Nan littafin ya koma makaranta sosai, da malami da almajiri, kuma abin da ake nema ga almajirin shi ne ya iya sana'ar da bakinsa. In aka jera kashi ukun, sai a ga tsani mai hawa uku: yaro ya saurara yana lura da nufin mai magana, ya gwada magana da magana ya zaɓa, daga bisani ya ƙago tasa. Shekaru kusan ashirin bayan haka, a 1956, Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago ta Amurka da abokan aikinsa suka fitar da jerin matakan ilmi guda shida da ake koyarwa a kwalejojin horon malamai, watau sani, da fahimta, da aiki da abin da aka sani, da feɗewa, da haɗawa, da yanke hukunci. Ba a cewa Imam ya yi nufin irin wannan jeri. Abin da ake cewa shi ne malamin da ya haddace jerin Bloom domin jarrabawa yana riƙe da littafin Hausa da zai hau matakan nan da shi, in ya lura.

3. Inda littafin ya raunana

Yabo kaɗai ba zai amfani mai koyarwa ba, gama akwai abubuwa uku a littafin da ke ja da baya ga horon tunani.

Na farko, labaru da yawa karin magana ne kanunsu. Wannan ya ƙawata littafin, ya kuma adana karin magana masu yawa, amma yana yanke hukunci tun ba a saurari shari'a ba. Yaro ya karanta kan labari, ya riga ya san abin da ake so ya gano, sauran karatun kuwa sai ya zama neman tabbatar da abin da aka faɗa masa. John Dewey, a littafin da ya fitar a 1910 a kan yadda mutum ke tunani, ya nuna cewa tunani yakan tashi ne sa'ad da mutum ya tsaya a mararraba bai san inda zai bi ba. Kan labari mai karin magana yakan share mararrabar, ya bar hanya ɗaya.

Na biyu, aku ya ceci Musa ne ta hanyar shagaltar da shi. Bai zaunar da shi ya shimfiɗa masa dalilai ya bar shi ya zaɓa ba. Labarin ya ba aku gaskiya, gama da Musa ya fita da ya hallaka. Amma in malami bai yi hankali ba, darasin da yara za su ɗauka shi ne mai daɗin baki ya fi su sanin abin da ya dace da su, nasu kuwa su zauna su saurara. Wannan darasi yana da haɗari a zamanin da yaro ke riƙe da wayar hannu, maganganu na zubo masa dare da rana daga bakunan da bai san nufinsu ba. Ba kowane aku ba ne ke son Musa da alheri.

Na uku, duniyar littafin duniyar fada ce. Sarki ke bayarwa, Sarki ke hanawa, kuma ƙarshen alherin mai hikima shi ne a naɗa shi sarauta. Mata kuma a labaru da dama ko dai masu makirci ne ko kuwa abin da ake nema a aura. Wannan hoton zamaninsa ne da na littattafan da aka aro daga cikinsu, ba kuwa za a nemi marubucin 1936 ya yi rubutun wani zamani ba. Sai dai ajin da ke da 'yan mata rabi ya cancanci a ba shi dama ya tambayi hoton nan, ya ce ko ya dace da matan da suka sani a gidajensu.

Raunin nan uku ba dalilin janye littafin ba ne. Littafi mai gefen da za a kama a yi gardama ya fi amfani a aji bisa ga wanda aka goge shi sumul. Sharaɗin dai malami ya san wuraren, ya kai yara gare su da gangan.

4. Yadda aka saba koyar da shi

Darasin da aka fi gani yana tafiya kamar haka. Malami ya sa yaro ɗaya ya tashi ya karanta, ya zauna, wani ya tashi. In an gama, a fitar da kalmomi masu wuya a rubuta ma'anarsu a allo. Sa'an nan a yi tambayoyi: wane ne sarkin garin, 'ya'yansa nawa, ina ya tafi. A ƙarshe malami ya ce, mene ne darasin wannan labari? Amsar kuwa tana nan a kan labarin, yara su faɗa baki ɗaya, a rubuta a littafin aiki, a buga ƙararrawa.

Babu ɗaya daga cikin abubuwan nan da ya zama laifi. Karatu a bayyane yana gyara harshe, sanin kalmomi wajibi ne, kuma wanda bai riƙe abin da ya faru ba ba zai iya yin hukunci a kansa ba. Laifin shi ne tsayawa nan. Duk tambayoyin suna da amsa ɗaya wadda malami ya riga ya sani, yaro kuwa ya gane haka tun da wuri, sai ya daina duban labarin ya koma duban fuskar malami. Mai ƙwazo ya koyi cankar abin da ake so, mai rauni ya koyi yin shiru. Nan ne sha'awar karatu ke mutuwa, domin ba wanda ke ɗokin zuwa wurin da ra'ayinsa ba shi da aiki.

Abin mamaki shi ne gidan da yaron ya fito ya san wata hanya. Cikin tatsuniyoyin Hausa akwai waɗanda ke ƙarewa da tambaya, a kawo gwanaye uku kowa da abin da ya yi, a ce wa ya fi, masu saurare su kaure da gardama har barci ya raba su. Akwai kacici-kacici, inda yaro ke neman amsa da kansa, in ya gaza ya ba da gari. A makarantar zaure kuma ɗalibi yakan kawo mas'ala, malami ya buɗe littafi ya nuna masa hujja. Saboda haka mai cewa tambaya da neman dalili baƙin abu ne da boko ya kawo bai duba da kyau ba. Hausawa ne suka ce matambayi ba ya ɓata.

5. Misali da labaru biyu

A ɗauki labarin Sarkin Busa, wanda asalinsa labarin garin Hamelin ne na Jamus, Robert Browning kuma ya mai da shi waƙa a 1842. Ɓeraye sun addabi gari, mai busa ya raba mutane da su bisa alkawarin lada, aka hana shi, ya busa ya tafi da 'ya'yansu. Darasin da aka saba rubutawa shi ne a cika alkawari, kuma gaskiya ne. Amma malami yana iya tsayar da karatu daidai inda aka hana ladan, ya rufe littafi, ya tambayi aji abin da ya kamata mai busa ya yi. Bayan an ƙare labarin sai ya kafa shari'a: waɗansu yara su tsaya wa mutanen gari, waɗansu su tsaya wa mai busa, uku su zama alƙalai. Nan da nan tambayoyi za su taso waɗanda kan labari bai amsa ba. Manya ne suka karya alkawari, to, me ya sa horon ya faɗa kan yara? Wanda aka zalunta, in ya rama fiye da abin da aka yi masa, har yanzu shi ne mai gaskiya? Dokar shari'ar ɗaya ce, kowa ya faɗi magana ya nuna wurin da ya samo ta a cikin labarin.

Na biyu shi ne labarin Kyanwa da Ɓera, wanda ke cikin tarin Grimm. Sun yi ajiyar abinci tare, kyanwa ta riƙa fita da sunan za ta wurin suna tana cinyewa, da ɓera ya gane ta haɗa da shi. Tambayar da ta fi amfani a nan ita ce, a wane wuri ne ɓera ya sami alamar farko da ta isa ta sa shi shakka, kuma me ya hana shi zuwa ya duba? Yara su koma cikin labarin su tono alamun ɗaya ɗaya, su jera su, su faɗi wadda ta fi ƙarfi. Wannan shi ne aikin mai bincike, ko a tarihi ko a kimiyya: ya rarrabe abin da aka gaya masa da abin da ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Game da kanun labaru kuwa, dabarar mai sauƙi ce. Malami ya karanta labarin bai faɗi kansa ba, ya sa kowane rukuni ya zaɓo karin maganar da ta dace, su kare zaɓinsu, daga baya a duba wadda marubucin ya sa. Wani lokaci ta yara za ta yi daidai da tasa, wani lokaci ta saɓa, kuma saɓanin ya fi amfani. Daga nan sai a nuna musu cewa karin magana kansu sukan yi karo. An ce sannu ba ta hana zuwa, an kuma ce da sanyin safiya ake kama fara. Yaron da ya gane cewa dukansu gaskiya ne, amma kowace da wurinta, ya gane cewa jawo karin magana ba ya kashe gardama, sai an nuna ta dace da wurin.

6. Amfanin sanin asalin labaru

Ga manyan ɗalibai, da waɗanda ake horarwa su zama malamai, babu aikin da ya kai gwada labarin Imam da asalinsa. Dabarar aku mai tsare mutum da labari ta fito ne daga wani tsohon littafin Indiya mai labaru saba'in, wanda aka mayar da shi Farisanci a ƙarni na 14. A can, matar wani ɗan kasuwa ce aku ke hanawa fita wurin wani namiji bayan mijinta ya yi tafiya. Imam ya ɗauki ƙashin, ya sāke naman: matar ta zama ɗan sarki, fitar banza ta zama fita yaƙi, aka kuma ƙara Waziri maci amana. Ɗalibin da aka ba shi labarun biyu aka ce ya faɗi abin da aka canja da dalilin canjawa, dole ya yi tunani a kan waɗanda aka rubuta wa littafin, da abin da makarantar 1936 za ta karɓa a sa a hannun yara, da abin da fadar ƙasar Hausa ta sani na makircin sarauta. Ta nan zai gane cewa littafi aikin mutum ne wanda ya zaɓi wani abu ya bar wani, kuma abin da mutum ya zaɓa ana iya tambayarsa dalili.

Haka kuma ya kyautu a haɗa Magana Jari Ce da Shaihu Umar. A can ba a ba mai karatu dariya ko karin magana ya jingina da su ba. Yaro ne aka sace aka kai shi ƙetaren Sahara, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, shi kuwa ya zama babban malami ta hannun wanda ya tafi da shi. Ɗalibi zai tsaya a gaban tambayar da ba ta da amsa ɗaya, watau ko alherin da ya samu ya wanke hanyar da ya same shi. Littafi ɗaya yana koyar da lura da dabarar mai magana, ɗayan yana koyar da haƙuri da tambaya mai nauyi, aji kuwa yana bukatar duka biyu.

7. Kukan malamai

Malamai sukan kawo kuka uku, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Na farko shi ne ladabi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, ana kuwa tsoron kada yaron da aka koya wa ja da littafi ya koma ja da iyayensa. Amsar ita ce gardama mai hujja ita kanta horon ladabi ce, gama tana tilasta wa yaro ya yi shiru har abokinsa ya gama, ya maimaita abin da aka ce daidai, ya kuma janye in an fi shi hujja. Mai rashin kunya shi ne wanda bai iya ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Na biyu shi ne jarrabawa, cewa ita sunaye da darasi take tambaya. Ko da haka ne, yaron da ya yi shari'ar Sarkin Busa ya koma cikin labarin sau uku ko huɗu yana neman hujja, ya kuwa fi wanda ya ji shi sau ɗaya riƙe sunayen. Amma kukan yana nuna wurin da gyara ya wajaba. Muddin masu shirya tambayoyi ba su sa ko tambaya ɗaya mai neman dalili ba, malami zai ga aikin nan kamar nafila ne.

Na uku shi ne cunkoso da ƙarancin littattafai. Dabarun da aka ambata ba su bukatar kome sai littafi ɗaya a hannun malami, da allo, da alli. Abin da suke ci shi ne lokaci, saboda haka gara a karanta labaru shida a zango a tattauna su sosai da a ratsa ashirin a guje.

Nauyin duka yana komawa kan kwalejojin horon malamai. Wanda aka koya masa Magana Jari Ce ta hanyar shifta, ya kwafe darasin kowane labari daga allo, haka zai koyar da shi, ko da ya ci jarrabawar Dewey da Bloom da lambar yabo. Ya kamata kowane ɗalibin kwaleji, kafin a tura shi koyarwar gwaji, ya zauna a irin wannan shari'a da kansa, a kayar da shi da hujja ko ya kayar, sa'an nan a sa shi ya shirya darasi ɗaya wanda a cikinsa akwai tambayar da shi ma bai tabbatar da amsarta ba. Mai duba shi kuma, ban da tsabtar allo da ƙarfin murya, ya ƙidaya tambayoyin da suka fito daga bakin yara, ya rubuta adadinsu a takardar sakamako.